Tsibi Biyar a Hanyar Kurdawa

Dubai aka ce mana. Mutumin da ya haɗa mana takardu a Kotonu ya rantse aikin jan tankar ruwa ne, a gari mai kwalta sumul, ba rami ba jandarma. Sai da jirgi na uku ya sauke mu, muka ga duwatsu ta kowane gefe da sojoji masu wando kamar buhu, sannan jikina ya ba ni. Na tari wani ɗan Sudan mai shara a filin jirgin, na haɗa ɗan Larabcin da na tsira da shi daga makarantar allo, na tambaye shi ina ne nan. Ya dube ni da tausayi ya ce arewacin Iraƙi ne, ƙasar Kurdawa, kuma yaƙi ake yi.

Mu biyu ne daga gida. Ni Hamidu, mutumin Gaya, shekara goma sha tara ina jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kotonu da Yamai. Sai Sale, ƙanin matata Rabi, makanike ɗan Yelu, mai mata da 'ya'ya huɗu. Ni na zuga shi ya biyo ni, ba wanda ya sa ni. Surukata, wadda duk muke kira Inna, tun da na auri 'yarta ba ta taɓa yi mini maganar da ta wuce gaisuwa ba, amma a kan wannan tafiya sai da ta aiko Rabi da saƙo: "Ki ce mishi shi ya ɗauke shi, shi za shi maido min shi." Na yi dariya a lokacin, na ce a gaya mata har ƙiba zai yi.

Zangonmu na farko wani fili ne a bayan gari, an kewaye shi da waya, an jera akwatunan ƙarfe irin na bakin teku, a cikinsu muke kwana. Ranar da muka isa aka karɓe fasfo ɗinmu, wai za a buga hatimi. Mai kula da filin wani ƙato ne mai gashin baki, har yau ban san ƙasarsa ba, direbobi dai suna kiransa Shef. A kwana na huɗu Sale ya je ya same shi ya ce a ba shi fasfonsa, shi ba yaƙi ya zo yi ba. Shef yana riƙe da ƙarfen kwance taya. Ya ɗaga ya maka masa a baki. Na ji ƙarar daga inda nake, na ga Sale ya durƙusa yana tofar da jini da haƙora biyu. Tsakanina da su bai fi taku biyar ba, ni da ake tsoron bakina daga tashar Gaya har gadar Malanbil, amma ko yatsa ban ɗaga ba. Har yau ina jin kunyar wannan tsayuwa.

Ina wanke masa bakin da ruwan gishiri, sai ya dube ni da leɓe a kumbure ya ce, "Mijin Yaya, ka gani? Ƙibar da ka yi ma Inna alkawali ta fara daga leɓe."

Haka Sale yake. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar aurena, kuma ko a cikin wuta ba ya fasa tsokana.

Mako biyu muna cin gurasa da shayi, safe da rana da yamma. Na yi kewar tuwon shinkafa da miyar kifin kogi har na fara jin ƙamshinsu a cikin warin man gazuwal na motoci. Sale kuwa lissafin kwanaki yake yi, yana cewa yanzu an fara yankan shinkafa a fadamar Yelu, yanzu matarsa tana fama da tsuntsaye ita kaɗai.

Daga nan aka ba mu mota, aka kai mu wani filin jirgi na soja. Kayan da za mu ɗauka akwatuna ne na katako, koraye, dogaye da gajeru. Wata ƙasar Turai ce ta aiko wa mayaƙan Kurdawa makamai don su tare 'yan tada ƙayar baya masu baƙar tuta, mu kuma aikinmu mu kai su bakin daga. A nan muka san Kak Azad, wanda aka ba shi rakiyar motarmu. Kak a bakinsu kamar Yaya ne a namu. Dattijo ne siriri mai furfura, ya yi shekara goma sha biyu yana wanke kwano a wani gidan abinci a Faransa kafin yaƙi ya kira shi gida. Saboda haka shi kaɗai ne a duk ayarin muke iya magana da shi, da Faransancinmu na tasha.

Mu mutanen Gaya an san mu da sanin gwanjo. Duk motar da Turawa suka gama morarta, suka wanke injin suka shafa mata fenti, ta gadarmu take bi. Sale ya zagaya akwatunan, ya sunsuna, ya sa farce ya kankare gefen ɗaya. Fenti uku ya samu, ɗaya a kan ɗaya, kuma shekarar da aka rubuta a can ƙasa ta girme shi.

Ya ce, "Kak Azad, wanga kaya ai gwanjo ne. Ko a kasuwar Gaya sai an yi mishi rantsuwa kafin a saida."

Na fassara inda Faransancinsa ya gaza. Dattijon bai ji haushi ba. Ya ce, "Na sani. Rumbunsu suka share, suka ce kyauta ce. Amma waɗancan mutanen suna zuwa mana da motoci lulluɓe da ƙarfe, harsashin bindigata ba ya huda su. In roka ɗaya cikin uku ta tashi, mun gode." Ya taɓa ƙirjinsa yana murmushi. "Ni ma ai gwanjon Turai ne. Sun gama da ni, na dawo, ga shi ina aiki."

Washegari ya zo mana da ƙullin leda daga matarsa. Shinkafa ce da busasshiyar kuɓewa, an zura ta a zare. Ashe su ma suna cin kuɓewa. Sale ya riƙe zaren nan yana kallo, hawaye na bin kumatunsa, ni kuma ina yi masa tsiya don kada nawa su zubo.

Kafin mu tashi Kak Azad ya ba mu dokar hanya guda ɗaya: kada mu sauka daga kwalta, kada mu taɓa duk abin da muka gani a kanta. Masu baƙar tuta suna binne bam a gefen hanya su rufe da tarkace. A tafiyar farko ayari guda ya tsaya awa biyu saboda wani kwali da ke tsakiyar titi. Aka kira masu tono bam, suka zo suna rarrafe, ƙarshe kwalin banza ne. Na yi ta yi wa Kak Azad dariya, na ce a ƙasarmu da haka ake yi da har yanzu ban isa Doso ba.

A tafiya ta uku dariyar ta ƙare. Motar da ke gabanmu, wani ɗan Nepal ne ke ja, mutum mai shiru-shiru da kan ba mu sigari ko da ya san ba ma sha. Ya kauce wa mataccen kare ya taka gefen hanya. Ban ji ƙarar da kunne ba, a ƙirji na ji ta. Gilashinmu ya zubo mana a cinya, kan motarsa ya tashi sama ya faɗo a kife. Da hayaƙin ya lafa, akwai abin da ya rage a kan bonet ɗinmu wanda sai da Sale ya sa tsumma ya ɗauke. Muka wuce ta ƙauyukan da aka ƙone, da gawawwaki a bakin rijiya an ɗaure musu hannu ta baya. Tun daga ranar na daina yi wa kowa dariya a kan kwali. Na ɗauka na fahimci dokar, ashe rabinta na fahimta.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana tas. Mu ne na ƙarshe a ayari, muna gangara wani tudu, mun sha wata kwana mai kaifi ke nan sai tiyon iskan birki ya fashe, ƙafafun baya suka ƙulle. Motar ta tsaya cak da akwatunan roka a bayanta. Ayari ba ya jiran kowa a wannan yanki. Aka bar mana Kak Azad da mayaƙa biyu, aka ce in da matsala akwai shingen Kurdawa a bayanmu, tafiyar minti goma, suna da motoci da mai ba da magani.

Sale ya ɗauki kayan aikinsa ya shige ƙarƙashin mota. Kak Azad da mutanensa suka hau wani dutse a gaba suna duban kwari. Ni kuwa na tsaya na dubi inda muke: mota a tsaye, a gangare, bayan kwana. Duk wanda ya taho da gudu ba zai gan mu ba sai ya shige mana, ga Sale a ƙasa.

Kowane direban ƙasarmu ya san abin da ake yi. Mota in ta yi pan, wato ta lalace a hanya, kafin ka buɗe bonet sai ka karyo ganye, sabara ko kalgo ko dogon yaro, ka jera tsibi-tsibi a kan kwalta har bayan kwana, don mai zuwa ya rage wuta. In ka gama gyara kuma ka kwashe abinka. Wanda bai sa ba, mai kisan kai ne a wurinmu. Na sha zagin direbobi a kan haka a hanyar Doso, na taɓa marin wani ma. Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta tafi da kanta. Babu ganye a wurin, sai wata busasshiyar ciyawa mai ƙaya a bakin kwalta. Na tuge ta da saiwarta da ƙasarta, na zagaya bayan kwanar inda ba wanda ke ganina, na jera tsibi biyar, na danne kowanne da dutse don kada iska ta kwashe. Na dawo ina kaɗe hannu, har ina jin daɗin kaina.

Sale ya leƙo daga ƙasa ya ce, "Ka sa ganye?"

Na ce, "Wa kake tambaya?"

Bai fi minti ashirin ba muka ji ihun Kak Azad. Motoci biyu ne ƙirar a-kori-kura suka fito daga kwari ta wata hanyar ƙasa, ta gaban an yi mata sulke da farantan ƙarfe, da babbar bindiga a bayanta. Kak Azad ya yi magana a rediyo da sauri, ya duro daga dutsen, ya haye bayan motarmu ya fasa akwati da gindin bindiga. Harsasai suka fara cin jikin motar. Na kwanta a bayan taya ina salati, ina kiran Sale ya fito.

Da idona na ga abin da kyautar Turawa ta yi. Kak Azad ya saɓa roka ta farko a kafaɗa, ya danna, ta yi ƙas ta yi shiru. Ya jefar. Ɗaya daga mayaƙan ya miƙa masa ta biyu. Wannan ta fita, amma ta faɗi a ƙasa taku talatin a gabansa, tana hayaƙi tana juyi, ba ta fashe ba. Motar mai sulke tana ta matsowa. Ya karɓi ta uku, ya gyara tsayuwa, na ga bakinsa yana motsi. Ita ce ta tashi, amma a kafaɗarsa ta tashi. Shi da wanda ke miƙa masa, wuta ɗaya ta ɗauke su. Rawaninsa ya faɗo kusa da ni yana ci.

Saura mayaƙi ɗaya, wani mai tabo a goshi, da tsohuwar bindigarsa da aka ɗaure wa gindi da waya. Ita ce ba ta ci amanarsa ba. Ya yi ta harbi daga bayan dutse har ya sami mai riƙe da babbar bindigar. A daidai lokacin muka ji rurin injuna daga bayan kwana, mutanen shinge sun taho. Masu baƙar tuta ma sun ji, suka juya suka koma kwari suna harbi ta baya.

Na jawo Sale daga ƙarƙashin mota. Harsashi ya shiga cinyarsa ta sama, kusa da mara, jini yana tsartuwa da bugun zuciyarsa. Na cire bel ɗina na ɗaure, na cusa rigar ciki a ramin, na danna da gwiwata. Na ce masa, "Ka ji su nan, sun iso. Riƙe kanka, ɗan Yelu."

Sai injunan suka mutu. Shiru. Ba wanda ya fito daga kwanar.

Na jira. Jinin yana ratsa tsumman yana bin gwiwata. Mai tabo yana ta ihu a rediyo da harshensu, ana ba shi amsa, yana ƙara ihu yana dukan ƙasa. Na tambaye shi da Faransanci, na tambaye shi da Larabci, bai gane ba. Mai fassara mana ga shi can a kwance ba kai. Na zagi Kurdawan nan a raina zagi mai muni, na ce matsorata ne, sun ji harbi sun laɓe. Leɓen Sale ya fara yin fari, ya ce yana jin sanyi alhali rana tana dukanmu. Na fi rabin awa a haka.

Da na ishe shi da tambaya, mai tabo ya juyo a fusace. Ya nuna kwanar, ya nuna kwalta, ya buɗe hannuwansa biyu ya ce "Bum!" Sannan ya ɗaga mini yatsu biyar.

Biyar. Tsibin da na jera ne.

Na kama hannun mai tabo na ɗora a kan raunin, na ruga. Da na sha kwanar na gan su: motoci uku a tsaye nesa da tsibin farko, mutane a kwance a bayan tayoyi suna jiran masu tono. Su kuma abin da suka gani baƙon mutum ne jina-jina yana gudu ya nufo su. Suka buɗe wuta. Kwalta tana tartsatsi a ƙafafuna, wani abu mai zafi ya tsaga mini dantse, na faɗi, na tashi. Na tuɓe rigata na jefar don su ga ba na ɗauke da komai. Na isa tsibin farko na sa ƙafa na shure shi. Na haye na biyu na yi ta tsalle a kai ina ihu da Hausa, "Ciyawa ce! Ciyawa ce, don Allah!" Na uku, na huɗu, na biyar na ɗauke shi da hannu na watsa sama. Harbin ya tsaya. Wani ya miƙe a hankali yana kallona, sannan na ji an tada inji.

A bayan motarsu na rungume kan Sale a cinyata. Mai maganin ya yi abin da zai iya, ya sa masa ruwa a jijiya, amma na ga yadda ya kalli abokinsa. Muna cikin gudu Sale ya buɗe ido, ya dube ni kamar muna hanyar Doso.

Ya ce, "Mijin Yaya, mun tashi?"

Na ce, "Mun tashi."

"Ka kwashe ganyen?"

Na ce, "Na kwashe, Sale. Duka biyar."

Ya ce, "To madalla." Bai sake magana ba. Ana hango ginin asibitin, rai ya yi halinsa.

Kurdawa sun yi masa sutura yadda ya kamata. A maƙabartar ƙauyen su Kak Azad aka rufe su, kabari kusa da kabari, matar da ta aiko mana da kuɓewa tana kuka daga nesa. Ba wanda ya ɗora mini laifi, wataƙila ba su ma gane ni na sa tsibin ba. Mai tabo da wasu mutum uku suka raka ni filin nan mai waya. Ban san abin da suka gaya wa Shef ba, na dai ga bakin bindiga a ƙarƙashin haɓarsa, na ga yana miƙo fasfo biyu.

A Gaya labarin ya riga ni isa. A tasha, a masallaci, kowa maganar tsofaffin makamai yake yi, ana la'antar Turawa masu ba da kyautar ruɓaɓɓen kaya. Gaskiya ne, na gani da idona, kuma na bar su a kan haka. Ko Rabi iya abin da na gaya mata ke nan.

Ranar sadakar arba'in na je Yelu. Bayan mutane sun ragu na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, ita tana ciki bayan labule. Na tura fasfon Sale ta ƙasan labulen. Sannan na sunkuyar da kai na faɗa mata komai: kwanar, ciyawar, motoci uku da suka tsaya, da rabin awar da jininsa ya yi yana zuba a gwiwata. Na ce, "Inna, ba Turawa kaɗai ba ne. Da hannuna na tare mishi hanya."

Ina jin tana juya fasfon a hannunta. Sai ta yi magana, kuma wannan ne karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye ba ta bakin Rabi ba.

"Lokacin da ka sa ganyen, shi yana ina?"

Na ce, "Yana ƙarƙashin mota."

"To don wa ka sa?"

Ta ɗaga labulen kaɗan, ta turo mini ƙwaryar ruwa.

Ta ce, "Sha. Ba ka maido min shi ba, Hamidu, kuma ba zan ce maka ka maido ba. Amma ga diyanshi huɗu can a bakin rumbu. Tashi ka je su gan ka."

Na sha ruwan, na tashi na nufi rumbun.